Furen abarba: me ke ruɓar da albasarsa, kuma yaya ake raya shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Birmingham, a Ingila. Bara na sayi albasar furen abarba guda biyar na shuka a ɗan lambun bayan gida, suka yi fure gwanin sha'awa a watan Agusta. Bana har tsakiyar Mayu shiru, sai na tona. Uku sun ruɓe, biyu suna nan da ƙarfinsu amma ba su tsiro ba. Ina kuskuren yake? Ya zan yi da biyun? Kuma in na kai wa mahaifiyata a Jos, zai yi a can?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin mu shiga dogon bayani, biyun nan da kika tono kada su daɗe a waje. Matsa kowacce da yatsa. In ta yi tauri kamar albasar miya mai kyau, gindinta inda saiwa ke fitowa bai yi laushi ba, kuma ba ta wari, to lafiyarta ƙalau, barci kawai take yi. Furen abarba, wato shukar adon nan mai albasa wadda furenta ke kama da abarba, ba ya gaggawar tashi. A Ingila sau da yawa sai ƙarshen Mayu ko farkon Yuni yake huda ƙasa, lokacin da sauran furannin lambu sun daɗe da fitowa, shi ya sa mutane da yawa ke tono shi suna zaton ya mutu, wasu ma su sare kan tsiron da shebur ba su sani ba. In akwai ɗan wurin da ya fara laushi a jikin ɗaya, yanke shi da wuƙa mai tsabta har ki kai ga fari tas, ki bar ta ta sha iska a inuwa kwana ɗaya ko biyu, sannan ki shuka. Amma kada ki mayar da su ramin da 'yan'uwansu suka ruɓe. Tukunya za ki sa su, zan zo kan yadda ake haɗa ƙasar.

Ukun da suka ruɓe kuwa, ruwa ne ya ci su. Don ki gane yadda aka yi, sai mun je garinsu.

Sunan da masana tsirrai ke kiran wannan shuka da shi shi ne Eucomis. Wani masanin tsirrai Bafaranshe, L'Héritier, ya raɗa mata shi a ƙarshen ƙarni na 18, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar kyakkyawan gashi, saboda tukkun 'yan ganyen da ke tsaye a saman sandar furen. Tukkun nan ne ya sa take kama da abarba, amma ba abin da ya haɗa su da abarbar da muke sha. Danginta na kusa su ne irin shuɗɗan furannin nan masu kama da ƙararrawa da ke cika dazukan Ingila a watan Afrilu. Jinsinta goma sha 'yan kai ne, kuma dukansu daga kudancin Afirka suke: Afirka ta Kudu, Lesotho, Eswatini, har zuwa Zimbabwe da Malawi. Mutanen Zulu na Afirka ta Kudu suna kiranta umathunga.

Mafi yawansu 'yan tudu ne. Suna fitowa cikin ciyawa a gangaren duwatsun Drakensberg da filayen lardunan KwaZulu-Natal, Mpumalanga da Gabashin Kef na Afirka ta Kudu, wasu a sama da mita 2,000. A can ruwan sama yana zuwa ne lokacin zafi, daga wajen Oktoba zuwa Maris, da tsawa da walƙiya da rana tsaka, kamar yadda muka san damina. A wannan lokacin shukar tana shan ruwa sosai. Wasu jinsunan, kamar Eucomis comosa da Eucomis pallidiflora, a bakin rafi da wuri mai dausayi ma suke tsayawa. Tana fure tsakanin Disamba da Fabrairu. Daga nan ruwa ya ɗauke, ganye ya bushe, albasa ta kwanta a ƙasa. Hunturun can yana da sanyi na gaske, raɓa na daskarewa da dare, wani lokaci ƙanƙara ta sauka a kan duwatsu, gobarar daji ta bi ta kan ciyawa. Duk wannan albasar tana jurewa, domin ƙasar da take kwance a ciki a bushe take.

Wanda ya tashi a ƙauyen Arewa ya san wannan ɗabi'a ko bai taɓa ganin furen abarba ba. Albasar kwaɗi haka take: duk rani ba ka ganin ko alamarta, ruwan fari na sauka sai ga ta ta ɓullo da ganye da fure kamar daga sama. Rani ne lokacin hutunta, kuma a bushe take hutawa. To ɗauki irin wannan shuka ki kai ta ƙasar da abin ya juye. A Ingila watannin da furen abarba ke barci, Nuwamba zuwa Maris, su ne watannin da ƙasa ba ta bushewa: yayyafi ba dare ba rana, rana ba ta da ƙarfin da za ta tsotse shi, kuma lambunan bayan gida da yawa ƙasarsu laka ce mai riƙe ruwa. Albasar da ba ta da ganye ba ta shan ruwa. Sai ta zauna cikin taɓo mai sanyi wata huɗu ko biyar, ruwa ya kwanta a wuyanta inda tsohon ganye ya bar rami, ƙwayoyin cuta su shiga ta nan ko ta gindi. In sanyi ya daskarar da jiƙaƙƙiyar ƙasar, naman albasar ya fashe, da ya narke sai ruɓa. Abin da ya sami ukunki ke nan. Furen da kika gani bara ba shaida ba ce cewa wurin ya karɓe su. Abincin da suka tara a gonar da aka rene su ne suka ci suka yi furen. Shekara ta biyu ce ke nuna gaskiyar wuri.

Saboda haka duk abin da zan faɗa daga nan a kan abu ɗaya ya ginu: ki ba shi damina mai kyau, ki ba shi rani na gaske.

Ni dai ga mai zama a tsakiyar Ingila ko arewacinta, tukunya nake ba da shawara, kuma ba na ɓoye cewa na fi son ta. A tukunya ke ce mai iko da ruwa. Nemi mai faɗi, kamar santimita 30 a baki, mai nauyi, ta yumɓu in da hali, domin sandar furen tana da nauyi kuma iska na kifar da tukunyar roba. Ki tabbata hujin gindinta a buɗe yake, kuma ki ɗora ta a kan 'yan duwatsu ko bulo don kada ta zauna cikin ruwan da ya tsiyaye. Faranti a ƙarƙashin tukunya a waje ba alheri ba ne ga wannan shuka. Ƙasar kuwa, kashi biyu na ƙasar tukunya mai ɗan nauyi, irin wadda ake sayarwa da sunan John Innes mai lamba 3, da kashi ɗaya na ƙananan tsakuwa ko yashi mai kaushi. Yashi mai laushi irin na wasan yara ba ya yi, toshe ƙasa yake. In kin damƙi haɗin a hannu kin buɗe, ya kamata ya wargaje, kada ya dunƙule. Albasa uku ne daidai irin wannan tukunya, biyunki za su sami sarari. Ki dasa su kai sama, gindi ƙasa, kan albasar ya zo daidai da fuskar ƙasa ko ya ɗan nutse kaɗan. Ki zuba ruwa sau ɗaya, sannan ki ɗaga hannu har sai kin ga tsiro. Nan ne mutane ke sake yin kuskure, su yi ta ba tukunyar da ba ganye ruwa kullum don ɗoki.

In kuwa ranki ya fi kwanciya da ganinsa a ƙasa, ana yi, musamman a kudancin Ingila da wuraren da ƙasa ke da yashi. Amma gwada wurin tukuna. Haƙa rami mai zurfin santimita 30, cika shi da ruwa da yamma. In kin wayi gari da sauran ruwa a ciki, wurin ba na furen abarba ba ne, sai dai ki tayar da kunya, ki ɗaga ƙasar sama da sauran lambu kamar yadda ake yi wa dankali, ki cakuɗa ta da ruɓaɓɓen taki da tsakuwa mai yawa. Wuri mafi kyau shi ne gindin katangar da ke fuskantar kudu, inda rana ke daɗewa, bango yana riƙe ɗumi, kuma yana tare wani ɓangare na ruwan sama. A ƙasa ana nutsar da albasar fiye da a tukunya, wajen santimita 15, don sanyi kada ya kai gare ta, a bar tazarar santimita 30 tsakanin kowacce. Lokacin shuka daga Afrilu ne zuwa Mayu, bayan ƙasa ta fara ɗumi. Ki kafa ɗan tsinke a wurin don ki san inda suke.

Da zarar ganye ya buɗe, lamarin ya sauya gaba ɗaya. Shukar da ɗazu nake cewa a hana ta ruwa yanzu ta zama mai ƙishi. Ganyenta faffaɗa ne, mai nama, yana bazuwa kamar tabarma a kewayen gindi, kuma yana fitar da ruwa da yawa. A Yuli da Agusta, in an yi zafi, tukunya na iya neman ruwa kowace rana. Sa yatsa ki ji. In saman ƙasar ya bushe, zuba har ya fito ta ƙasa. In aka bar shi ya sha ƙishi a wannan lokaci, ganyen ya kwanta, furen ya fito gajere, albasar kuma ba za ta tara abin baɗi ba. Taki kuma duk mako biyu, na ruwa irin wanda ake ba tumatir, domin yana da sinadarin fotash mai yawa, wanda ke taimaka wa fure da ƙarfin albasa. Ki guji takin da ke tura ganye kawai, irin su yuriya. Zai ba ki ganye kore shar da sanda mai taushi wadda ba ta iya ɗaukar kanta.

Maganar faɗuwar sanda tana yawan zuwa, to bari in taɓa ta. Dalilinta na farko ƙarancin rana ne. Furen abarba na son rana aƙalla awa shida a yini a ƙasa irin Ingila. A inuwa yana miƙewa yana neman haske, ya yi tsawo ba ƙwari, ranar da ruwa ya jiƙa furen sai ya kwanta. Manyan jinsuna ko a rana sukan so ɗan tallafi. Siririyar sanda a kafa ta kusa tun furen yana ƙarami, a ɗaure da zare mai laushi, a kula kada a soki albasar.

Abokin gabarsa a Ingila dodon-koɗi ne, da ɗan'uwansa marar ɓawo da ke fitowa da dare bayan ruwa. Lokacin da suka fi ɓarna shi ne sa'ad da tsiron ke hudo ƙasa, a dunƙule. Cizo ɗaya a lokacin, in ganyen ya buɗe za ki ga huji a jere a jikinsa har ƙarshen shekara, wani lokaci ma su cinye kan furen tun yana ciki. Makonni biyun farko ki riƙa fita da tocila bayan magariba kina tsince su, ki duba ƙarƙashin tukunya da leɓenta inda suke ɓuya. Bayan ganye ya yi ƙwari ba sa iya yi masa wani abin kirki.

Ladan wannan hidima shi ne furen yana daɗewa. Sandar na ɗauke da ɗaruruwan ƙananan furanni masu kama da taurari, suna buɗewa daga ƙasa suna hawa sama a hankali, abin ya ɗauki mako shida ko fiye, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba. Bayan sun gama, kwanson iri ya kumbura a madadinsu, kore ko ja-ja, shi ma abin kallo ne har kaka. In kin yanko sanda ɗaya kin sa a kwalba a falo, tana yin makonni in ana sauya ruwan. Ni nakan bar kwanson a kan manyan albasa, amma a kan wadda ta sha wahala, kamar biyun nan naki, gara a yanke sandar da zarar fure ya ƙare, don ƙarfin ya koma ƙasa. Kuma kada ki damu in bana ba su yi fure ba sam. An tono su, sun yi hunturu cikin taɓo; in suka ba ki ganye mai kyau, sun yi abin da ake nema.

Yanzu ga wurin da aka yi asarar bara. Daga ƙarshen Satumba ki daina taki, ki rage ruwa. Kada ki yanke ganye yana kore, ko da ya fara muni, domin ta cikinsa albasar ke tara abincin baɗi. Bar shi ya yi rawaya da kansa, ko sanyin farko ya kwantar da shi, sannan ki cire shi duka, kada ya ruɓe a kan wuyan albasar. Sai ki ɗauki tukunyar yadda take, da ƙasarta, ki kai gareji ko rumfar ajiya ko ɗakin gilashi, wurin da ruwa ba ya taɓawa kuma sanyi ba ya kai ga daskarewa. Ba ta bukatar haske. Ba ta bukatar ruwa ko ɗigo ɗaya har Maris ko Afrilu. Kada kuma ki shigo da ita ɗaki mai na'urar ɗumama, ɗumin zai tashe ta ba lokaci ba ko ya busar da ita fiye da kima. Wuri mai sanyi-sanyi, busasshe, shi ke nan. Abin lura: albasa a tukunya ta fi ta ƙasa saurin daskarewa, domin sanyi na shigarta ta kowane gefe, don haka tukunyar da aka bari a fili duk hunturu ta fi ta cikin ƙasa shiga haɗari. In bazara ta zo, ki kwashe ƙasar saman ki sa sabuwa, ko ki juye duka in ta cika da saiwa, ki fito da ita bayan an daina daskarewa da dare, wajen tsakiyar Mayu.

Na ƙasa kuma, bayan an cire ganye, a lulluɓe wurin da ɓawon itace ko busasshen ganye mai kaurin santimita 10. A wuri mai ruwa sosai wasu kan ɗora gilashi ko faifan roba a kan bulo, ya zama laima, iska na wucewa ta ƙasa amma ruwa ba ya sauka. In ƙasarki laka ce, ki tono su kawai a Oktoba, ki kakkaɓe ƙasa, su sha iska, ki ajiye cikin busasshen yashi ko ki naɗe a takarda. Ban da leda. Leda na tara gumi. Ki riƙa dubawa wata-wata kina cire wadda ta yi laushi.

A nan dole in tsaya in yi gargaɗi, domin gidajenmu gidajen albasa ne. Wannan albasar tana da guba. Kada a ajiye ta a kicin ko kusa da buhun albasar miya, kada a bar ta inda yara za su ɗauka, kuma a rubuta suna a jikin takardar. Gaskiya ne masu maganin gargajiya na Zulu suna amfani da Eucomis autumnalis, musamman ga ciwon baya, karaya da mai jinyar bayan tiyata, har yawan haƙarta a daji ya sa ta ragu a wasu yankuna. Amma wannan aikin waɗanda suka gaji sanin ma'auninsa ne, kuma ko a can an san tana cutarwa in ta yi yawa. A lambunki ado ce kawai.

Tunda za ki so ki cike gurbin ukun da suka tafi, bari mu yi maganar iri, domin ba duka suke ɗaya ba, kuma akwai abin da masu sayarwa ba sa rubutawa a jikin fakiti. Wanda ya fi yawa a kasuwar Ingila shi ne Eucomis bicolor, mai fure kore-kore da jan baki a gefen kowane fure, da ɗigo-ɗigo a sanda, da babban tukku. Yana da kyau, yana da juriyar sanyi domin daga can saman Drakensberg yake, amma yana wari, irin warin nama da ya fara lalacewa. Ba cuta ba ce. Ƙudaje ne ke yi masa barbara, shi ya sa yake fitar da sinadarai masu ƙibiritu, wato farar wuta, don ya jawo su. Masu bincike a Afirka ta Kudu sun nuna cewa jinsunan da ba su da wannan sinadari, kamar autumnalis da comosa, zanzaro mai farautar gizo-gizo ne ke ziyartarsu, kuma ƙamshinsu mai daɗi ne. Don haka in kusa da ƙofa ko wurin zama za ki ajiye, ki nemi comosa ko autumnalis, ko Eucomis zambesiaca, ɗan gajere mai farin fure. Bicolor a kai shi can ƙarshen lambu inda ido zai more, hanci ya huta.

Cikin comosa akwai wanda ake kira Sparkling Burgundy, ganyensa na fitowa ja mai duhu kamar zoɓo, daga baya ya sirka da kore in zafi ya yi, furen kuma ruwan hoda a kan jar sanda. Shi da bicolor duka sun sami lambar yabo ta ƙungiyar masu lambu ta masarautar Birtaniya. Launinsa sai da rana. A inuwa kore yake komawa. Mai son ƙarami na kan tebur ya nemi Eucomis vandermerwei daga Mpumalanga, wanda bai wuce tsawon tafin hannu da kaɗan ba, ganyensa duk ɗigon ja. Mai fili kuma akwai ƙaton cikinsu, pole-evansii, wanda kan kai kusan mita 2. Guda ɗaya ne zan ce ki bari sai kin ƙware: Eucomis regia. Shi daga yammacin Afirka ta Kudu yake, inda ruwa ke zuwa da hunturu, don haka kalandarsa a juye take, yana girma lokacin sanyi ya yi barci lokacin zafi. Duk abin da na faɗa a sama, nasa akasin haka ne.

Ba ma lallai ki sake saye ba. Albasar da ta ji daɗi tana haihuwa a gefenta, bayan shekara uku ko huɗu a raba a bazara kafin su tsiro. Ana kuma shuka iri, sai dai yana ɗaukar shekara uku zuwa biyar kafin fure, kuma 'ya'yan irin su Sparkling Burgundy ba lallai su gaji launin uwar ba. Hanyar da ta fi burge ni ita ce ta ganye, kuma har yau ina jin daɗinta duk lokacin da na yi. A Yuli ko farkon Agusta ki yanko lafiyayyen ganye ɗaya daga gindi, ki yayyanka shi a gicciye, kowane yanki kamar santimita 5. Abin da ba a wasa da shi: ki san ina ne ƙasan kowane yanki, domin in kin dasa shi a kife ba zai yi komai ba. Dabarar ita ce ki fiƙe ƙasan kamar bakin mashi tun kina yanka. Ki soka su a tsaye, zurfin santimita 2 zuwa 3, cikin ƙasa mai yashi da yawa wadda ke da ɗan danshi, ki rufa leda mai haske a sama, ki ajiye wuri mai haske amma ba cikin rana ba, ɗumi wajen digiri 20. Ki riƙa buɗewa kina shan da su iska, ki cire wanda ya fara ruɓa. Bayan kamar wata biyu, in kin ɗaga ɗaya a hankali, za ki ga 'yan fararen albasa kamar ƙwayar masara sun jeru a bakin yankan. Ganye ɗaya na iya ba ki fiye da goma, kuma kowacce sak uwarta. Hunturunsu na farko kada a busar da su ƙaƙas kamar manya, a bar musu ɗan danshi a wurin da ba ya daskarewa. Wajen shekara uku za su fara fure. Bana dai ki ƙyale biyunki su warke, baɗi ki gwada.

Saura maganar Mama a Jos. In akwai inda yanayinsa ya yi kusa da garin wannan shuka a Najeriya, to Jos ce da tsaunin Mambila. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ruwa na sauka daga Afrilu zuwa Oktoba, sannan rani mai sanyin hunturu, busasshe. Tsarin da shukar ta sani ke nan, ruwa da ɗumi tare, sanyi da bushewa tare, kuma matsalar da ta kashe naki a Birmingham babu ita a can. Kalandar Ingila da ta Jos ma sun zo ɗaya: albasar da ke barci a Maris, a shuka ta a Afrilu ko Mayu da faɗuwar ruwa. Wadda aka ɗauko kai tsaye daga Afirka ta Kudu ce ke zuwa da lokacinta a juye, sai ta ɗauki shekara kafin ta daidaita.

Abu uku Mama za ta kula da su. Ranar Jos ta fi ta Ingila ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka wurin da ke samun ranar safe da inuwar la'asar ya fi. Ruwan Yuli da Agusta yana da yawa, to a dasa a kan kunya ko a tukunya mai huji, da yashi a ƙasar. Na ukun shi ne wanda na fi jin tsoro, domin daga kirki yake zuwa: mai lambu a gida ba ya iya ganin tukunya a bushe ya wuce. Da rani, in ana ba sauran furanni ruwa safe da yamma, za a haɗa da ita, sai ta ruɓe ko ta kasa hutawa. Ki gaya wa Mama da duk wanda ke riƙe da butar ban ruwa cewa daga Nuwamba, in ganyen ya bushe, a ɗauke tukunyar a kai inuwa, a manta da ita har ruwan fari. Ga masu zama a Kano, Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, ba zan ce a sa a ƙasa ba. Tukunya a inuwa mai haske, a fara ba ta ruwa sai damina ta kankama a Yuni, lokacin barcinta kuma a ajiye ta a ɗakin da ya fi ko'ina sanyi a gidan.

Sai dai kada ki jefa albasar cikin akwati haka kawai ki hau jirgi. Shigar da tsiro mai rai daga wata ƙasa yana bukatar takardar shaidar lafiyar tsiro daga ƙasar da aka ɗauko shi, da izini daga hukumar NAQS mai kula da killace tsirrai da dabbobi a Najeriya. Dokar tana da dalili, domin cikin ƙasar da ke manne da saiwa ne ƙwari da cututtuka ke ƙetare iyaka. Ki nemi takardun tun da wuri, ki tafi da albasar a lokacin barcinta, tsakanin Disamba da Maris, a wanke ba ƙasa a jikinta, a naɗe a takarda. Allah ya ƙara wa Mama lafiya, a gaishe ta.